Darasin Ƙafar Mota: Wace Mahaɗa Ce Ta Dace da Motar Daji?

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da warhaka. Ga mahaɗai huɗu a kan tebur, aikinsu ɗaya: su riƙe hannun ƙafa, wato sandar da ke haɗa ƙafar mota da jikinta, a jikin shasi ko aksul, amma su bar shi ya motsa. Idan mota ta shiga daji, taya ɗaya na kan dutse, ɗaya na cikin rami, aksul ya karkace, to duk murɗawar nan a kansu take sauka.

Mu fara da bushin roba, wanda mota ke zuwa da shi daga kamfani. Ku duba nan, robar manne take da bututun ciki da na waje. Ba juyawa take yi ba, murɗewa take yi ta dawo. Shi ya sa ba ta ƙara, ba ta neman giris, kuma tana shanye jijjiga. Abin da ke kashe ta da wuri shi ne ɗaure bolti alhali mota na kan jak, taya na reto. Da an sauke motar, robar ta riga ta murɗe tun ba a je ko'ina ba, sai ta fara tsagewa. Ka saka boltin sako-sako, ka sauke mota a kan tayoyinta, ka girgiza ta, sannan ka ɗaure tamau. Man inji mai ɗiga shi ma yana kumbura ta ya lalata ta.

Na biyu bushin poli, wato na polyurethane, wani nau'in filastik mai kama da roba, wannan mai kala. Ya fi roba tauri, mai bai dame shi ba, amma shi juyawa yake yi a kan bututu, don haka sai da giris ɗin silikon, in ba haka ba ya dinga kuka. A hannun da ke karkacewa sosai ba na ba da shawararsa, don idan ya ƙi lanƙwasa, kunnen ƙarfen da ke riƙe da shi ne zai sha wuya har walda ta buɗe.

Sai wannan, Heim a bakin mutanen Amurka. Ƙwallon ƙarfe ne a cikin zobe, da wutsiya mai zare. Ba wasa ko kaɗan, sitiyari na amsawa nan take, kuma idan gefe ɗaya zaren dama ne ɗayan na hagu, kana juya sanda kana ƙara tsawo ko ragewa ba tare da ka kwance komai ba. Amma fa a buɗe yake. Yashi da laka na shiga tsakanin ƙwallo da zobe su dinga cin su, kwana kaɗan ka ji ƙwas-ƙwas a kowane gargada. Mai shimfiɗar Teflon (wata leda mai santsi) a ciki ba a sa masa giris, giris ƙura yake tarawa, wanke shi kawai za ka yi da ruwa. Wajen ɗaurawa, zaren da ya shige cikin sanda kada ya gaza kaurin wutsiyar sau ɗaya da rabi: wutsiya mai milimita 19, a ƙalla milimita 29 su shige. Ka danne da notin kulle. A kama shi tsakanin kunnuwa biyu, idan kuwa kunne ɗaya ne, sa washa mai faɗi a kan bolti, don ko ƙwallon ya fita daga zobe hannun ba zai zare ba. Wannan maganar rai ce, musamman a tayarod, sandar da ke kai juyin sitiyari zuwa taya.

Na huɗu shi ne Johnny Joint, wanda kamfanin Currie ya fara fitowa da shi, da ire-irensa. Ƙwallon ƙarfe ne shi ma, sai dai an rungume shi da kofuna biyu na poli, an danne da washa da zoben kulle. Yana karkacewa kusan kamar Heim, yana rage jijjiga, kuma idan ya yi wasa ana buɗe shi a canza kofunan. Sharaɗinsa giris, duk lokacin da aka keta ruwa ko laka a tura sabo har tsohon ya fito.

Motar da ke hawa kwalta da daji duka, a ganina a sa roba a gefen shasi, Johnny Joint a gefen aksul. Heim a bar wa motar tsere, wadda ake duba ƙafarta bayan kowace fita.

Gwajin gano mahaɗar da ta ci kuwa, ɗaga taya, kama sama da ƙasa ka jijjiga, wasa a nan boljoyin ne ko beyarin. Kama dama da hagu, tayarod ke nan. Sannan a sauke motar, wani ya dinga kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, kai kuma ka ɗora hannu a kan kowace mahaɗa. Wadda ta ci, za ka ji bugunta a tafin hannunka tun kafin ido ya gani.