Kafin ka cike fom, je ka ga aikin da idonka

Wannan laccar wani malaminmu ne ya yi wa ɗaliban da suka gama sakandare, ni kuma na zauna na rubuto ta daga rikodin. Inda murya ba ta fita sosai na tsallake, gaisuwar farko ma na rage ta don ta yi tsawo.

To 'ya'yana, na ga wasunku tun da na shigo sai kallon agogo suke, ku kwantar da hankalinku ba zan cinye muku yini ba. Bari in fara da tambaya. Wa yake son zama likita a nan, ya ɗaga hannu. Kai, kusan rabin ɗakin. Injiniya fa? Lauya? To madalla ku sauke. Yanzu wa yake son ya zama mai gyaran na'urar da likitan yake ɗaukar hoton ƙirji da ita, wadda in ta tsaya rabin aikin asibitin ya tsaya? Ko mutum ɗaya babu. (dariya) Kun ga abin da ya kawo ni kenan, yawancinku suna kuka zaɓa, aikin kuwa ba ku taɓa ganinsa ba.

Ni ma haka na yi, kar ku ce ina muku gori. Da na gama sakandare ba abin da ke bakina sai likita, har abokaina sun fara kirana dakta ina amsawa ina wani ɗaga kafaɗa. Sai wani ƙanin mahaifina da ke aiki a asibiti ya ce in zo in wuni tare da shi. Na je da sassafe na sha guga, aka sa ni a kusurwa, aka shigo da wani bawan Allah da ya ƙone a ƙafa za a canja masa bandeji. Nas ɗin ta jiƙa bandejin tana ɓarewa a hankali saboda ya manne da naman, mutumin ya damƙe ƙarfen gado yana nishi, ita kuwa hannunta ko rawa ba ya yi har tana masa hira tana tambayarsa 'ya'yansa nawa, ni dai abin da na sani na farka na gan ni a kan benci ana min fifita da fayil. (dariya) Ranar na gane farar rigar nake so. Wuni ɗaya ya cece ni daga shekara shida na wahala a kwas ɗin da ba zan iya aikinsa ba, shi ya sa duk wanda ya zo min da maganar zaɓen kwas abin da nake fara tambayarsa shi ne, ka taɓa wuni da mai yin aikin? Gani ya kori ji.

Kuma in ka je kar ka tambaye shi ranar da ya fi jin daɗin aiki, kowa yana da irin wannan ranar. Ka ce masa baba ranar Talata da ƙarfe sha ɗaya me kake yi? Lauya zai ce maka karatu da rubutu, takardu kan takardu, tsayuwa gaban alƙali ɗan kaɗan ne daga cikin lokacinsa. Akanta zai ce yana neman inda lissafi ya ƙi daidaita tun jiya. Mai rubuta manhajar kwamfuta zai ce awa uku kenan yana farautar kuskure ɗaya, wataƙila waƙafi ne ya ɓata masa komai. In ka ji haka ranka bai ɓaci ba, har ka ji kana sha'awa, to ka kama hanya. Sannan ka tambaye shi shekara nawa ya yi kafin ya fara cin gumin aikin, da kuma waɗanda suka fara tare ina suke yanzu, wannan ta ƙarshen ita ce mutane ba sa son amsawa amma ita ta fi amfani.

Yanzu mu zo kan jami'a tunda ita ce a ran kowa. Ba zan taɓa kushe jami'a ba, ita ta yi ni. Akwai ayyukan da ba su da wata ƙofa sai ita, likitanci, lauyanci, haɗa magunguna, zanen gine-gine, duk waɗannan sai da digiri kuma sai hukumar masu sana'ar ta ba ka lasisi, ba wanda zai yarda ka yanka shi don ka kalli bidiyo a YouTube. Amma ku san duniyar da za ku shiga. Alƙaluman UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun nuna a shekarar 2000 ɗaliban manyan makarantu a duniya wajen miliyan 100 ne, zuwa 2020 sun haura miliyan 230. Cikin shekara ashirin sun ninka har da ƙari. Ma'ana kwalin da a zamanin iyayenku shi kaɗai ya isa a kira mutum aiki, yau masu riƙe da irinsa sun cika layi, sai mai ɗaukar aiki ya ajiye kwalin gefe ya ce to me ka iya yi. Saboda haka in za ka jami'a ka je, amma ka karanta jerin darussan kwas ɗin tun daga shekarar farko har ta ƙarshe kafin ka cike fom, yawancin makarantu suna sa shi a shafinsu na intanet, yaro sai ya zaɓi kimiyyar kwamfuta don yana son danna waya ya shiga ya tarar lissafi ne tsagwaronsa. Kuma ka tabbatar hukumar da ke tantance makarantu a ƙasarka ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa, don ana samun makaranta mai rajista amma wani kwas a cikinta ba a tantance shi ba, ka gama shekara huɗu a ce takardarka ba ta aiki.

Sai hanyar da kuke rainawa, koyon sana'a da makarantun fasaha. A nan zan ɗan daɗe. Kun san Jamus, ƙasar Mercedes da Siemens. A can yaro in ya gama makaranta yana iya sa hannu a yarjejeniya da kamfani, ya yi kwana uku ko huɗu a mako a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a aji, kuma ana biyansa alawus tun daga watan farko. Abin yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku da rabi, sana'o'in da gwamnati ta amince da su a tsarin sun fi 300, daga wayarin lantarki har aikin banki, suna da dokar da ta tsara abin tun 1969, a ƙarshe a yi maka jarrabawa a ba ka takardar da ko'ina a ƙasar an san darajarta. A Suwizalan kuwa wajen kashi biyu cikin uku na matasa wannan hanyar suke bi, kuma ƙasa ce da ke cikin mafi arziki a duniya. Ban ce ko'ina haka tsarin yake ba, a wurare da yawa sai dai ka nemi oga da kanka, shi ya sa sai ka buɗe ido. Kafin ka zauna a gaban mutum ka duba yaran da ya yaye, sun buɗe nasu wurin ko har yanzu aike ake musu? Yana barin yaro ya taɓa aiki ko shekara biyu sai miƙo sufana kawai? In da hali a rubuta yarjejeniya, shekara nawa, me za a koya maka, kuma ka nemi jarrabawar gwajin sana'a ka samu takarda, don gobe in babban kamfani yana neman mai walda ko mai haɗa sola takarda zai fara tambaya kafin ya ga hannunka.

Akwai wani mutum da nake son ba da labarinsa, Michael Faraday na Ingila. Ɗan maƙeri ne, karatun boko kaɗan ya samu, yana shekara 14 a 1805 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai a Landan, shekara bakwai ya yi. To littafin da aka kawo ɗinki sai ya karanta shi kafin ya mayar. A 1812 ya je sauraron laccocin wani masanin kimiyya Humphry Davy, ya rubuta duk abin da ya ji, ya ɗinke shi da hannunsa ya zama littafi ya aika masa, 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji. A 1831 shi ne ya gano yadda motsa maganaɗisu kusa da waya yake haifar da lantarki, janareta da taransifoma duk a kan wannan suke aiki har yau. Abin da nake so ku lura, sana'ar hannunsa ce ta buɗe masa ƙofar, don da takarda ya aika a yamutse wa zai kula shi.

Amma fa kar wani ya fita nan ya ce malam ya ce karatu ba dole ba ne. Na san kuna da labarin Bill Gates a baki, wai ya bar jami'a ya yi kuɗi. E ya bari a 1975, amma wace jami'a ya bari? Harvard, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in Amurka masu wuyar shiga. Sai da ya ci jarrabawar shiga tukun, kuma tun yana shekara 13 yake rubuta manhaja a lokacin da manyan mutane ma ba su taɓa ganin kwamfuta ba, babansa kuma babban lauya ne, in abin ya ƙi yana da wurin komawa. Kai da ka bar aji don barci ba layinku ɗaya ba. (dariya)

Wanda kuma hali bai ba shi damar zama a makaranta ba, ko aiki ya riƙe shi ko aure ko rashin kuɗi, akwai karatu daga nesa. Jami'ar UNISA ta Afirka ta Kudu tun 1946 take koyarwa ta wasiƙa, Ingila ta kafa buɗaɗɗiyar jami'arta a 1969, ƙasashe da yawa sun kwaikwaya. A intanet kuma akwai shafukan koyar da darussa irin su Coursera da edX tun 2012. Sai dai gaskiya yawancin masu fara irin waɗannan darussan na intanet ba sa gamawa, don ba mai tsaya maka a ka, in ka san kai sai an tashe ka kake tashi to ka nemi aji mai malami.

Abin da ya fi ba ni tsoro a kanku ba zaɓen da bai dace ba ne, wannan ana gyarawa, mutane nawa suka canja layi suna da shekara talatin. Zaman jira ne yake ba ni tsoro. Yaro ya nemi gurbi bai samu ba ya ce sai baɗi, baɗi ta zo bai samu ba ya ce sai wata baɗin, yana kwance da waya a hannu dare ya zama rana, shekara uku ta wuce lissafin da ya iya ma ya zube, ƙannensa sun kamo shi, daga nan sai kunya ta hana shi fita. Na ga irinsu da yawa wallahi, masu ƙwaƙwalwa. In za ka sake jarrabawa ka sake, ba laifi, amma da safe ka kasance kana da inda za ka, ko gareji ko shagon ɗinki ko ɗakin gwaje-gwaje ko koyar da yara, zomo ba ya kamuwa daga zaune. Kuma fitar tana haɗa ka da mutane. Wani masanin zamantakewa a Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincike a 1973 da ya nuna masu samun aiki ta hanyar mutane sun fi samunsa ta wurin wanda suka sani sama-sama, ba aminansu ba, dalili kuwa amininka abin da ka sani shi ya sani, wanda kuke gaisawa jefi-jefi shi yake jin labarin da bai zo kunnenka ba. To wanda ke ɗaki wa zai sani sama-sama?

Na ga hannu a baya, 'yata tashi mu ji.

(Wata ɗaliba ta ce ita zanen gine-gine take so amma mahaifinta ya dage sai ta karanci aikin jinya, me za ta yi.)

To 'yata, farko kar ki yi musu da shi a tsaye, ba a cin irin wannan da ɗaga murya. Ki sani abin da yake tsoro shi ne ki gama ki rasa aiki, ya ga masu aikin jinya ba sa zama, kuma yana da gaskiya a nan, ƙasashe da yawa suna ƙarancinsu. Ke kuma aikinki ki kawo masa abin da zai kwantar masa da hankali. Ki nemi mace mai zanen gine-gine ki wuni a ofishinta, ki ga yadda ake zama gaban kwamfuta awa da awa ana gyara zane ɗaya sau biyar don mai gida ya canja ra'ayi, ki bi ta wurin gini ki sha rana, sannan ki wuni a asibiti ma, don wataƙila ke ba irina ba ce ba za ki suma ba. (dariya) In kin dawo har yanzu zanen ne a ranki, ki rubuta shekarun karatun da inda ake ɗaukar aiki, ki samu wanda baban yake jin nauyinsa, kawu ko gwaggo ko wani malaminki, ku je tare. In ma da hali ki roƙi matar ta yi magana da shi da bakinta, iyaye sun fi yarda da wanda ya riga ya bi hanyar.

An ɗago min takarda wai lokaci ya ƙare. Masu sauran tambaya ku same ni a waje, ina nan har rabin awa, amma duk wanda zai zo ya zo da sunan aikin da yake so da kuma sunan mutum ɗaya mai yin aikin da zai je ya gani a makon nan.