Garin fitar da saiwa: kaɗan ake shafawa

Jama'a, kun ga irin bidiyon nan da ke yawo a TikTok, a soke reshen mangwaro cikin ayaba, wai bayan mako ɗaya sai ga saiwa kamar gemu? To ku bar ayabar nan, ku ci abarku. Mu zo kan garin gaske, wato hodar da ake shafa wa reshe don ya fitar da saiwa, wanda da yawanku suka saya amma reshen ya ruɓe.

Ga reshen rumman, tsawon taƙi ɗaya. Yanka ƙasa da gaɓa, cire ganyen ƙasa, bar biyu a sama. Wuƙa mai tsabta. Wannan kowa ya iya.

Nan ne ake yin ɓarnar. Dubi hannun nan, ya dumbuza gari kamar mai barbaɗa wa tsire yaji. Tunaninsa taki ne, in ya yi yawa saiwa ta yi yawa. A'a. Garin nan saƙo ne.

Ita bishiya tana da nata sinadarin, ana kiransa oksin. A kan toho da sabbin ganye ake yin sa, ya riƙa gangarowa ƙasa. Da ka yanke reshe, sai ya taru a bakin yankan, ya ce wa ƙwayoyin wurin: ku daina zama kara, ku zama saiwa. Shi ya sa ɓaure da inabi da rumman kan kama ko ba a shafa musu komai ba. Kuma shi ya sa in ka dasa reshe kai ƙasa, ka yi aikin banza, don saƙon can gindinsa na asali zai tafi, ga shi kuwa yana kallon sama.

A 1935 masana a Amurka suka gano cewa wasu sinadarai biyu, IBA da NAA, suna yin wannan aiki. Su ne a cikin robar da ka saya, kuma galibi ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, sauran duk hoda ce.

Me ya sa kaɗan haka? Oksin shi ke tayar da saiwa, amma in ya yi yawa shi ne kuma ke hana ta tsawo, har gindin ya yi baƙi. Manoman shinkafa da masara, kun san 2,4-D da kuke fesa wa ciyawa mai faɗin ganye? Ɗan gidansu ne. Umarnin girma yake ba ciyawar har ta murɗe ta mutu. Yanzu ka sake kallon hannun nan mai dumbuza.

Ga yadda ake yi. Zuba kaɗan a murfi, jiƙa gindin, tsoma gaɓar yatsa ɗaya, ƙwanƙwasa, rarar ta zube. Huda rami da tsinke tukuna, kada yashi ya goge garin. Abin da ya rage a murfi kuma ba ya komawa roba.

Zuma fa, da wasu ke shafawa a madadin garin? Tana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ta aika saƙon. Ni dai a shayi na fi son ta.

Rufa leda, ajiye a inuwa, yashi da danshi ba caɓi ba. Kuma don Allah a daina tumɓukewa kullum ana leƙawa. Bayan wasu makonni ja a hankali, in ka ji ya riƙe, ta fito.

Shi kuwa mangwaro, taurin kai gare shi ko da gari. Shuka ƙwallo, in ya tasa ka yi masa aure, wato ka haɗa masa reshen irin mangwaron da kake so.