Gasar ƙwallon kwando ta ƙananan ƙasashen Turai

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ɗalibai, ina yi muku sannu da zama.

A fagen dambe, ko mai kallo ya san ba a haɗa yaron da ya fara ɗaure hannu jiya da gwanin da ya shekara goma yana kisa. Sa'a ake nema. To wannan lissafin ne hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta yi a Turai a shekarar 1988, ta ƙirƙiro gasar maza ta ƙananan ƙasashe. Sunanta na farko Promotion Cup, wato kofin hawa mataki, kuma a tsibirin Malta aka fara ta. Bayan shekara biyu-biyu ake yi.

In na ce ƙanana, ku ji girmansu. San Marino mutanenta dubu talatin da 'yan kai ne. Andora wajen dubu tamanin. Jibralta ma ba ƙasa ce mai cin gashin kanta ba, tana ƙarƙashin Birtaniya, amma tana da tawagarta. Cikin wannan adadi za ka tsamo dogaye goma sha biyu, yawancinsu kuma ba da ƙwallon suke ci ba. Ka tura su gaban Sifaniya ko Sabiya fa? Ai ba wasa ba ne, duka ne kawai.

Yanzu ga abin da nake so ku riƙe, labarin Ayislan. Ita ta ci kofin farko a 1988, ta sake ci a 1990. Ta zo ta uku a 1994, daga baya ta bar ajin, ta shiga neman gurbi tare da manya. Ta daɗe tana shan kaye, ba a cewa komai. Sai a 2015 ta sami shiga babbar gasar Turai, EuroBasket, karo na farko. A Berlin ta yi wasa biyar, ta faɗi duka biyar, amma sai da Turkiyya ta kai ƙarin lokaci kafin ta iya kayar da ita. Ta koma a 2017.

Ba kowa ne ya hau ba, kuma ni ban ɗauki hakan kasawa ba. Andora ta zauna, gasar ta zama gidanta: kofi shida, na farko a 1998, na baya-bayan nan a 2024 a gaban 'yan kallonta. San Marino ta ɗaga sau ɗaya, a 2002. Armeniya ta ci a 2016 da 2022. Ta 2020 kuwa korona ta ɗage ta, aka yi a Dublin a 2021, masu masauki, wato Ireland, suka cinye.

Na ga hannu a baya can. Bismillah, malam, a miƙa masa lasifika.