Idan Kamfanin Waya Ya Karye, Daga Ƙauye Ake Fara Jin Shiru

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau ya taso ne daga saƙon da wani bawan Allah ya aiko mana daga Ƙaura Namoda. Sana'arsa POS. Ya ce layin da yake aiki da shi ya kai sati biyu sabis yana ɗaukewa yana dawowa, ga kuma raɗe-raɗi a kasuwa wai bashi ya yi wa kamfanin katutu. Shi ne yake tambaya: idan kamfanin waya ya karye, ina makomar lambarsa, da kuɗin katin da ya loda, da alat ɗin banki da ke shigo masa ta wannan layi? Bai kama sunan kamfanin ba, mu ma ba za mu laƙaba wa kowa ba, domin zancen kasuwa ba hujja ba ne. Amma tambayar tasa ta kowa ce a jihar nan.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Babu kamfanin sadarwar da ya kafa turakun sabis ya binne waya a ƙasa da kuɗin aljihunsa kaɗai. Inda gizo ke saƙar shi ne, kayan aikin da dala ake sayo su daga waje, mu kuwa da naira muke loda kati. Duk ranar da naira ta faɗi, bashin ya kumbura ba tare da an ƙara cin ko sisi ba. Haka ta faru da Etisalat. A shekarar 2013 ya ci bashin dala biliyan 1.2 daga bankunan Najeriya 13, lokacin ana canjin dala a kan kusan naira 160. Kafin 2017 farashin gwamnati ya haura naira 300, dalar ma ta yi wuyar samu, biya ya gagara. Masu jarin da suka zo daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka tattara nasu ya nasu suka fice, bankuna suka ɗaura ɗamarar karɓe kamfanin. Sai da Babban Bankin Najeriya da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, suka shiga tsakani, aka naɗa sabbin shugabanni, aka sauya masa suna zuwa 9mobile a watan Yulin 2017. Layi bai mutu ba a wannan rana, kuma hukumomin biyu sun cancanci yabo a kan haka. Sai dai kamfanin da ya taɓa tara masu layi sama da miliyan 20 ya yi ta zubewa, har suka koma 'yan miliyoyi ƙalilan a shekarun da suka biyo baya.

Kafin shi ma an yi wasu. Waɗanda suka san zamanin Starcomms da Multi-Links da Zoom da Visafone za su tuna wayoyin nan na ajiyewa a kan tebur masu 'yar eriya, da na'urar intanet da ake soka wa kwamfuta. Kamfanin Telkom na Afirka ta Kudu ya kashe dala miliyan 410 wajen sayen Multi-Links, a 2011 ya rabu da shi a kan dala miliyan 10. MTN ya saye Visafone a 2016. Sauran kuwa sun shuɗe, babu wanda ya zo ya yi wa masu layi sallama.

Kada a ɗauka abin namu ne mu kaɗai. A Amurka akwai wani kamfani mai suna FairPoint, wanda a 2008 ya sayi layukan tarho da na intanet na jihohi uku da ke arewa maso gabashin ƙasar, wato Maine da New Hampshire da Vermont, daga hannun babban kamfanin Verizon. Yankuna ne masu yawan karkara. Da bashi ya yi cinikin, aiki ya rikice masa, jama'a suka riƙa komawa wayar salula, a watan Oktoban 2009 ya kai kansa kotu ya ce ba zai iya biya ba. Haka Frontier, mai hidima a jihohi da dama, ya yi a watan Afrilun 2020, da bashin da ya haura dala biliyan 17. Abin da nake so mu lura da shi a nan shi ne, duk tsawon lokacin da ake shari'a tsakanin kamfanonin nan da masu binsu bashi, wayar mutane ba ta daina ƙara ba. Dokarsu tana ba kamfani damar ci gaba da aiki a ƙarƙashin idon kotu har a sasanta bashin. Masu hannun jari da masu ba da rance su ne suka sha asara, manomin da ke ƙarshen layi kuwa ya ci gaba da kiran asibiti. Mu ma dokar kamfanoni ta 2020 ta shigo da tsari makamancin wannan, inda ake naɗa wa kamfani mai riƙo don a ceto shi maimakon a yi gwanjon kayansa.

To amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai ba ranar kotu ba ce. Kamfanin waya ba ya mutuwa rana ɗaya. Daga gefe yake fara bushewa, kuma mu ne a gefen.

Ku dubi turken sadarwa guda ɗaya a hanyar Ɗansadau, ko a ƙauyukan Zurmi da Shinkafi. Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, don haka janareto da batura ne ke riƙe da shi dare da rana. Man da zai sha daidai yake da na turken da ke tsakiyar Legas, sai ma ƙarin kuɗin dako, da na mai gadi, da kasadar direban da zai bi hanyar da kowa ya san halin da take ciki. Injiniyan da zai je gyara sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya hau mota. Abin da turken ke tarawa a wata kuwa bai kama ƙafar na birni ba, domin masu loda katin naira 100 da 200 ne suka fi yawa. Sannan yawancin turakun nan ba mallakar kamfanonin waya ba ne, na wasu kamfanoni ne daban irin su IHS, haya ake biyansu. Ranar da kuɗi ya yi wa kamfani ƙaranci, aka zauna a ofis ana duba inda za a rage kashewa, wane turke kuke jin za a fara ja wa layi? Ba za a yi sanarwa a rediyo ba. Mai kai mai zai daina zuwa, batura su mutu, wata safiya mutanen gari su tashi waya ba sanda ko ɗaya. A yi ta cewa gobe zai dawo, har a saba da hawa tudu ko bishiya neman sabis.

Tsofaffin Gusau sun ga irin wannan mutuwar tsaye da idonsu. NITEL, da aka kafa a 1985, shi ne tarhon ƙasa baki ɗaya, lambar Gusau 063. Kafin zuwan wayar salula a 2001 layukansa kusan 400,000 ne kacal a ƙasa mai mutum sama da miliyan 100. An yi ta ƙoƙarin sayar da shi ana kasawa, an ba Transcorp a 2006 an karɓe a 2009, har aka sayar da kadarorinsa a kan dala miliyan 252 a ƙarshen 2014. Wanda ya gaje shi, ntel, ya buɗe a 2016 da Legas da Abuja, daga baya Fatakwal. Wayar girke da ke ɗakin baƙi a Sabon Gari da Tudun Wada ba ta sake ƙara ba. Ma'aikatansa kuma sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka koma ga Mahalicci.

Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin rashin waya ba. Ranar 3 ga Satumban 2021 aka rufe sadarwa a faɗin jihar nan bisa buƙatar gwamnatin wancan lokaci, domin yaƙi da 'yan bindiga. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kan matakin, ba shi muke tattaunawa ba yau. Abin da muka gani muke tunawa. Gusau ta yi kusan wata guda shiru, wasu yankuna suka haura wata biyu. Na tsaya a tasha na ga wani dattijo da takarda a ninke, yana roƙon direban motar Funtuwa. A jikin takardar an rubuta lambar ɗansa da ke karatu a Zariya, da saƙo layi biyu: mahaifiyarka tana asibiti, ka zo. Direban ya sa ta a aljihun gaba, inda akwai wasu takardun irinta. Mutane na biyan kuɗin mota su tsallaka jihar Katsina don kiran minti uku da duba alat. Teburan masu POS a kife, mai kuɗi a banki ba shi da na cefane. Wancan rufewa ce ta hukuma, an san wanda ya ba da umarni, an san wanda za a roƙa ya buɗe. Garin da ke rataye da turke ɗaya na kamfani ɗaya, in kamfanin ya karye, wa za su je su roƙa?

Yanzu bari mu dawo ga ɗan'uwanmu na Ƙaura. Malam, kuɗin katin da ka loda da datar da ka saya bashi ne kake bin kamfani, amma bashi ne marar jingina. Idan ta kai ga raba kadarori a gaban Babbar Kotun Tarayya, bankunan da ke riƙe da jingina suna gabanka, albashin ma'aikata da haraji suna gabanka, kai kana can ƙarshen sahu. Da banki ne da sauƙi: lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta biya masu ajiya har naira miliyan 5 kowane mutum. Kuɗin kati ba shi da irin wannan inshora. Saboda haka wanda ke sayen kati ko data da yawa don sayarwa, kada ya zuba jarinsa duka wuri ɗaya.

Lambar taka kuwa tana da mafita. Tun watan Afrilun 2013 NCC ta ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa ba tare da ta canja ba, kuma kyauta ne. Za ka je ofishin kamfanin da kake so da shaidarka, a cike takarda, ka tura saƙo daga tsohon layin. Kuɗin da ke ciki ba ya binka. Ka lura, sai layin yana raye ake iya tura wannan saƙo, don haka ba abin da ake jira sai sabis ya ɗauke gaba ɗaya ba ne. Yau lamba ta wuce abin gaisawa. Da ita aka ɗaure NIN da BVN ɗinka, da ita ɗanka ya yi rajistar JAMB, ta nan ɗan'uwa da ke ci-rani a Kudu ke turo na abinci. Ka je banki ka tabbatar wace lamba ke jikin asusunka tun da sauran lokaci.

Wannan shi ne abin da mutum ɗaya zai iya. Sauran nauyin yana wuyan hukuma, kuma lokacin ɗaukarsa ya yi, domin kasuwar ba lafiya take ba. MTN, da ya fi kowa girma, ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a shekarar 2024 saboda faɗuwar naira. A watan Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, talaka ya biya. Tunda ya biya, yana da bakin tambaya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: lasisin da aka ba kamfani na ƙasa baki ɗaya ne, ba na manyan birane kaɗai ba.

Muna kira ga NCC ta sa doka a fili cewa babu kamfanin da zai kashe turke a garin da ba shi da wani, sai ya sanar da hukuma da mutanen garin, an kuma samo wanda zai karɓa. Fasahar da za ta ba mai layin wani kamfani damar hawa turken wani tana nan, hukumar ma ta riga ta amince da ita tsakanin wasu kamfanoni. A wajabta ta a karkara, musamman inda ake fama da rashin tsaro, inda kira ɗaya kan sa gari ya kwana cikin shiri. Akwai kuma asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa musamman don kai waya da intanet wuraren da ba riba. In ba a kashe kuɗinsa a Maradun da Bukkuyum da Birnin Magaji ba, a ina za a kashe? Turke mai aiki da hasken rana ya fi dacewa da mu, rana ba ta yi mana rowa ba, kuma ba ta bukatar direba ya bi daji da tankar mai.

Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ma suna da rawar takawa. Duk harajin da aka ɗora wa turke a ƙauye, da duk kuɗin da aka caje don binne wayar intanet a gefen hanya, ƙarin dalili ne ga mai lissafi a ofis ya ce wurin ba ya biyan kansa. Masu aikin hanya su daina tsinke wayoyin da ke ƙasa da katafila. Sarakunanmu da masu unguwanni su ɗauki turken garinsu kamar rijiyar gari, ɓarawon batir da na mai a san ba kamfani kaɗai ya cuta ba.

'Yan majalisarmu da ke Abuja kuwa, aiki ɗaya muke roƙonsu da shi a wannan zango. Su nemi NCC ta kawo lissafi a rubuce: turaku nawa ne a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 14 na jihar nan, nawa ke aiki, nawa suka mutu, tun yaushe, kuma garuruwa nawa ne ke rataye da kamfani ɗaya tal. In lissafin ya fito, a kawo mana shi nan, za mu karanta wa jama'a gari bayan gari. Mu kwana nan.