Baƙin makaɗa a dandalin Landan

Assalamu alaikum. Malamai, iyaye, ɗalibai, barkanku da yamma. Na ga shugaban zama ya kwance agogonsa ya ajiye a kan tebur, na kuma gane saƙon, don haka ba doguwar gaisuwa.

Yawancinmu idan aka ce BBC, Sashen Hausa ne ke faɗo mana a rai, wanda ya fara magana da mu tun 1957. To gidan nan yana da wata hidima da ba kasafai labarinta ke iso mu ba. Kowace shekara, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba, mu muna cikin damina su suna cikin ɗan zafin da suke samu, BBC na shirya bikin kiɗa na mako takwas a Landan, ana ce masa Proms. Kiɗan irin na Turawan da ne, wanda ake rubutawa a takarda. Mutum tamanin ko ɗari za su zauna, masu goge manya da ƙanana a gaba, masu sarewa da kakaki a tsakiya, masu ganguna can baya, madugu ɗaya a tsaye da 'yar sandarsa. Sau da yawa babu mawaƙi, babu 'yan amshi. Wannan taron makaɗa shi ake kira okestira.

Wasu mutum biyu, Robert Newman da Henry Wood, su suka fara bikin a 1895, BBC ta karɓe shi a 1927. Bam ɗin Jamus ya ƙone zaurensu na farko a 1941, aka koma Royal Albert Hall, wani ƙaton zaure mai kama da rumbu da ke cin mutum sama da dubu biyar. Abin da ya ba ni sha'awa tun farko shi ne tikiti mafi arha na 'yan tsaye ne, kuma filin tsayuwar yana daidai gaban makaɗan. A 2014 fam biyar ne. Mu a wurin biki mai kuɗi ne a gaba, yana liƙi. Can kuwa mai tikitin arha ne ke jin numfashin madugu, mai kuɗi yana gefe a kujera.

Sai da bikin ya shekara 71 kafin wata babbar okestira ta ƙetare ta hau dandalin: ta gidan rediyon Mosko, a 1966. Daga nan baƙi suka riƙa zuwa, amma baƙin da aka sani, na Berlin, na Biyana, na Amsterdam, na manyan biranen Amurka. A 2014 aka gayyato waɗanda ba a saba gani ba: daga Sin, Turkiyya, Girka, Ƙatar, Ayislan, arewacin Finlan, Koriya ta Kudu, Singafo da Ostireliya. A kan uku daga cikinsu zan tsaya, don abin da na zo faɗa yau shi ne, kiɗan da ka ji a daren nan guda yana gaya maka wanda ke ciyar da makaɗan, da shekara nawa ya yi yana ciyar da su.

Mu fara da 'yan Istambul. An kafa okestirarsu a 1999, kuma sunan ubangidansu suke ɗauke da shi, Borusan, kamfanin da ke ƙera bututun ƙarfe yana kuma shigo da motocin BMW Turkiyya. Madugunsu a lokacin, Sascha Goetzel, mutumin Biyana ne. Me suka kawo Landan? Kusan duk daren, kiɗan Turawa ne da ke kwaikwayon Gabas. Sun kaɗa na Mozart, shahararren marubucin kiɗan Turai, wurin da yake kwaikwayon badujalar sojojin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. Sun kaɗa na wani Baturen Ingila, Gustav Holst, wanda ya je Aljeriya a 1908, ya ji mai sarewa a titi yana maimaita ɗan karin sauti guda na sa'o'i, ya koma gida ya rubuta nasa a kai.

Ku ɗan tsaya a nan. Faifan ƙarfen nan da ake gwarawa da babbar gangar da ke bayan okestirar Turai, daga badujalar Turkawa suka yaɗu. Sannan a 1828 Sarkin Musulmi na Istambul, Mahmud na biyu, ya ɗauko wani Ba'italiye, Giuseppe Donizetti, ya koya wa makaɗan fadarsa salon Turai. Aro ya tafi, aro ya dawo. Sai ga jikokin masu kayan sun zo Landan suna kaɗa yadda Bature ya ji kakanninsu. Kamar a gayyaci Bakatsine biki a Legas, a ce ya tashi ya yi Hausar da 'yan wasan kwaikwayon can ke yi idan suna kwaikwayon Bahaushe. (Dariya.) Za ka iya cewa sun ba mai gida abin da yake so ya ji ne. Ni ina ganin da wayo a ciki: sun nuna sun san yadda ake kallonsu, sun kuma kaɗa shi da gwaninta. Amma na so a ce sun cika daren da marubutan kiɗa na Turkiyya, don suna da su. Wannan matsalar kowane baƙo ce a bikin nan. Ka zo da na gida kawai, a ce ba ka iya na manya ba. Ka zo da na Beethoven, babban marubucin kiɗan Jamus, kawai, a ce me ya sa za mu saurare ka ga 'yan Berlin nan tafe mako mai zuwa?

Na biyu, Ƙatar. Nan kuɗi ba matsala ba ne. Gidauniyar Ƙatar, ƙarƙashin Shaikha Moza, ita ta kafa okestirar a 2007. Aka bi biranen Turai da na Larabawa ana gwada makaɗa, aka zaɓi 101, aka kawo su Doha, suka yi wasansu na farko a 2008 ƙarƙashin Lorin Maazel, ɗaya daga cikin manyan madugan duniya a lokacin. Shekara shida kacal bayan haka suna Royal Albert Hall. Mai jagorantarsu mace ce, Han-Na Chang, 'yar Koriya ta Kudu, wadda tun tana shekara 11 ta ci gasar duniya ta babban goge. Ranar 7 ga Satumba 2014 suka yi wasa, aka tafa musu sosai. Washegari ta sanar ta ajiye aiki. Dalilin da ta bayar shi ne matsalolin gudanarwa da suka ƙi ƙarewa, da saɓani da shugabannin ƙungiyar a kan alƙiblar kiɗan. Shekara ɗaya ta yi a kan kujerar.

Ba tsegumi na kawo ba. Duk wanda ya san makaɗan fada ya san abin da nake nufi. Sarki zai iya ba makaɗi gida da doki da riga a rana ɗaya. Amma 'yan amshin da suka san inda maigidansu zai ja numfashi kafin ya ja, waɗannan sai an shekara ashirin ana kwana tare ana tafiya tare. Okestira ma haka take. Gwanaye ɗari ba su zama kiɗa ɗaya ba sai sun daɗe suna jin juna, kuma sai ubangida ya san inda hannunsa ya tsaya. Girma da arziki kan sa jan sa da abawa, amma ba sa gajarta shekaru.

Na uku, Ayislan. Tsibiri ne a can arewa, mutanensa a lokacin ba su wuce dubu 330 ba, ba su kai na ƙaramar hukumar Nassarawa ta Kano ba. Amma okestirarsu na nan tun 1950, gwamnati da birnin Reykjavik ke ɗaukar nauyinta. Da bankunan ƙasar suka durƙushe a 2008, ginin sabon zauren kiɗansu, Harpa, ya tsaya cak. Aka yi ta gardama, a ƙarshe aka ce a ƙarasa, aka buɗe shi a 2011. Su da suka zo Landan sun kaɗa Beethoven, sun kuma kaɗa na mutuminsu Jón Leifs, wanda ya sa goge da ganguna suna kwaikwayon tafasasshen ruwan da ke tsartuwa daga ƙarƙashin ƙasarsu. Na gida da na manya a faranti ɗaya, ba tare da neman afuwa ba. Shekara 64 aka yi ana dafa wannan.

'Yan Finlan kuwa, daga garin Rovaniemi inda rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazara, ba su ma kai mutum ashirin ba. A ƙaramin zaure suka yi nasu, da rana.

Na ga hannu a baya. Bismillah, 'yata.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko an taɓa ganin 'yan Afirka a bikin.)

Madalla da tambaya. An gani. A 2007 matasan Buskaid daga Soweto ta Afirka ta Kudu sun hau dandalin da gogensu. A 2017 Chineke! ta yi wasanta na farko a bikin, ƙungiyar da Chi-chi Nwanoku ta kafa a 2015 don baƙaƙen fata da sauran tsiraru masu wannan sana'a. Mahaifinta ɗan Najeriya ne, mahaifiyarta 'yar Ayalan, amma ƙungiyar ta Birtaniya ce. Akwai kuma ta Kinshasa, wadda Armand Diangienda, tsohon matuƙin jirgin sama, ya kafa a 1994. A farkonsu goge bai ishe su ba, karɓa-karɓa suke yi, tsirkiya ta tsinke a sa wayar birkin keke. Su ma sun je Landan a Satumbar 2014, amma a wani zauren daban, a ɗaya gefen kogin Thames.

Ranka ya daɗe, na ga ka ɗauki agogon. Na gode.