Me ya sa man kaɗanyarki ke yin tsaki-tsaki a zafin Makka?

Assalamu alaikum 'yan uwa mata na Makka da Jidda. Ku dubi wannan kwalbar. Man kaɗanya ne da aka kawo daga gida, aka haɗa shi da man zaitun. Ranar farko sumul yake, yau ga shi da 'yan ƙwayoyi kamar tsakin gero.

Hajiya, kada ki zubar, bai lalace ba. Man kaɗanya yana fara narkewa da zarar zafi ya ɗan wuce digiri 30, shi ya sa yake narkewa a tafin hannu. Mu kuwa a nan, da bazara zafi kan haura 40. Sai ya narke a mota ko kusa da taga, a kunna na'urar sanyaya ɗaki, ya daskare sannu a hankali. Kitsen cikinsa ba iri ɗaya ba ne. Mai taurin shi ke riga daskarewa, ya dunƙule shi kaɗai.

Ki juye man a kwano, ki ɗora shi a kan tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba. Ki bari ya narke garau, ki juya, ki sa a firji nan take. Saurin hucewar nan shi ne maganin. In kina son ya jure zafi, gwada giram 70 na kaɗanya, 25 na zaitun, 5 na kakin zuma, don kakin ba ya narkewa sai zafi ya wuce 60. Man kwakwa kam a rage shi, tun a digiri 24 yake zama ruwa.

Sai maganar zuba ruwan wardin Ɗa'ifa (garin da ke kusa da Makka) a cikin man. Ƙamshinsa ba a magana, amma ruwa ne. Ba zai zauna da mai ba sai da sinadarin da ke haɗa su, kakin zuma kaɗai ba ya riƙewa. Kuma da ruwa ya shiga, ƙwayoyin cuta da fumfuna sun samu wurin zama, dole a sa maganin hana ruɓewa. Bitamin E ba ya wannan aikin, mai kawai yake karewa daga saurin yin wari. In ba ki da maganin, ki fesa wardin a jiki bayan wanka, sannan ki bi da man.

Masu sayar wa mahajjata kuma, ku ware kwalaben da babu turare ko ɗigo, saboda masu harami.