Amsoshin Tambayoyinku: Jita ta Cikin Fiyano

Mai gabatarwa: Jama'a, sallama dai. Saƙonni sun taru, lokaci kuma ba ya jira. Injiniya, sannu da zuwa.

Injiniya: Yawwa, sannunmu dai.

Mai gabatarwa: Wani daga Maraɗi na tambaya ko jitar lantarki za ta ƙona masa fiyano idan ya jona ta. Ba za ta ƙona ba, ɗan'uwa, kwantar da hankalinka.

To ga wadda ta fi yawa. Daga Kano, daga Jos, har daga Damagaram, magana ɗaya ce: "Na jona jita a fiyano, sauti ya fito siriri, na murɗa eko na murɗa, ko gezau." Injiniya, ina matsalar?

Injiniya: Ai ka ga su mutanen Agadas, da ƙaramar amfilifaya mai batir suke cika fili. Sirrin yana yatsa. Yaran yanzu kuwa...

Mai gabatarwa: Gaskiya ne, amma fiyanon fa, ranka ya daɗe?

Injiniya: To, ƙofar da suka shiga ce ba daidai ba. Yawancinsu a AUX IN suke sokawa. Wannan ramin na wayar hannu ne ko kwamfuta, abin da ya shiga haka zai fita, ba ya bi ta wurin eko. Kuma jita sautinta rarrauna ne, ramin da aka yi dominta take so. Irin su Yamaha PSR-S970 ta 2015, ko SX900 ta 2019, ko Korg Pa700, suna da ramin makirfo da jita a baya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, don na san wani yana tuƙi yana saurare. AUX IN ba na jita ba ne. Juya fiyanonka, nemi inda aka rubuta MIC/GUITAR. Sai me?

Injiniya: A S970 akwai ɗan makunni kusa da ramin, tura shi ɓangaren jita. Ka mayar da GAIN, wato abin murɗa ƙarfin sautin da ke shiga, ƙasa kafin ka soka wayar jitar. Sannan ka riƙa kaɗa igiya da ƙarfi kana ƙarawa a hankali. Fitila na nuna kore, lafiya lau. Ta koma ja, ka wuce gona da iri, rage. Ka kashe Vocal Harmony, na murya ne. Daga nan ka shiga mikisar fiyanon, ka ɗora eko ko duk adon sautin da kake so a layin makirfo, don nan jitar take bi.

Mai gabatarwa: Makunni, GAIN, fitila kore, sannan mikisa. Ni dai roƙona, ku rage eko don Allah. Sai ka je biki ka ji jita kamar daga cikin rijiya ake kaɗa ta. Mai kiɗa ya sha wahalar koyo, a bar mu mu ji yatsunsa mana!

Injiniya: Kuma akwai tsari. Abin da ke sa sauti kaushi shi ne farko, eko a ƙarshe. Ka juya su, komai ya cakuɗe. In ka samu yadda ya yi maka, adana shi a Registration, wato ma'ajiyar saitin fiyanon, kada gobe ka sake lalube a gaban jama'a.

Mai gabatarwa: Wata baiwar Allah daga Kaduna ta ce nata fiyanon AUX IN kaɗai gare shi. Hajiya, sai ki nemi feda ta jita, wato 'yar na'urar gyara sauti da ake takawa da ƙafa, ki jona jitar a cikinta, ita kuma ki kai ta AUX IN ɗin.

Na ƙarshe, daga Zariya: jitarsa na kukan "zzzz" da an tayar da janareta.

Injiniya: Ya fara canza wayar jitar, mai araha ba ta da kariya sosai. Ya matsa nesa da janareta da cajar waya. In ya taɓa igiyoyi kukan bai ragu ba, to a duba wayar ƙasa ta cikin jitar da ta soket ɗin. Ni a zamaninmu...

Mai gabatarwa: Injiniya, a ajiye mana labarin sai mako mai zuwa, ga masu labarai sun shigo. Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku, a haɗa da lambar samfurin fiyanon. Mu kwana lafiya.